Ɗan Gidan Wa Ne?

Duk wanda ya taɓa shiga neman aure ya san cewa tun kafin a yi zancen sadaki akwai tambayar da ake yi a bayan idon saurayi: "Yaron nan ɗan gidan wa ne?" Asali ake bincika. Kalmar daga Larabci ta zo, can ma'anarta tushe, amma da ta zauna a bakin Bahaushe sai ta ƙara nauyi. Ai ba wanda ya faɗo daga sama, duk da haka in aka ce wane ba shi da asali, an yi zagin da kan kai mutane gaban alƙali.

Asali baya yake kallo, zuriya kuwa gaba, shi ya sa ranar ɗaurin aure ake roƙa wa ango da amarya zuriya ɗayyiba. Ita ma aro ce daga Larabci, haka nasaba, haka salsala, wadda can sarƙa take nufi, wato kakanni a jere, wannan riƙe da wancan. Nasaba ma ta daɗe da tsallake katangar gida: a rediyo kullum kana jin tsadar abinci "na da nasaba" da tsadar man fetur. Tamu ta gargajiya ita ce tsatso, wanda sunan ƙugu ne a jikin mutum. In an ce daga tsatson wane ka fito, an faɗi maganar ba kwana-kwana. Dangi kuma a faɗi suke bazuwa, na uwa da na uba, na kusa da na nesa, har waɗanda sai biki ko rasuwa ke haɗa ku.

Inda na fi ganin hikimar harshen nan shi ne tsakanin ɗan'uwa da ɗan uba. Gado ta wajen uba ya fi ƙarfi, suna na uba ne, sarauta ma ta can take bi. Amma da Bahaushe ya tashi neman kalmar ƙauna, sai ya nufi ɗakin uwa. Ɗan'uwa shi ne rabin jiki, har baƙon da kuka haɗu a tasha kana iya ce masa "ɗan'uwa, gyara mini in zauna". Ɗan uba fa? Jini ɗaya ne, gida ɗaya, ɗaki daban, kuma daga nan aka sami 'yan ubanci, wato gasa da ƙyashi. Kishin iyaye mata ne ya gangaro kan 'ya'ya, harshe kuma bai rufa wa kowa asiri ba. In ana son kawar da shakka, sai a ce uwa ɗaya uba ɗaya, ko a ari shaƙiƙi daga malamai.

Hatta labarin Bayajidda a kan wannan gwadaben aka gina shi. An ce kuyangar da Daurama ta ba shi ta haifi Karɓagari, ita kuma sarauniyar ta haifi Bawo. Sunayen kansu habaici ne irin na kishiyoyi: waccan ta ce ɗanta ya karɓe gari, wannan ta ce a dawo da shi. 'Ya'yan Bawo shida, tare da Biram, suka zama Hausa Bakwai, zuriyar Karɓagari aka ce da su Banza Bakwai. Masana tarihi ba su ɗauki labarin a matsayin abin da ya auku daki-daki ba, amma duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya gane shi.

Kalmomin da muke kiran 'yan'uwan iyaye da su kuwa shaidar zama da Fulani ce. Kawu, baffa da gwaggo duk daga Fulatanci suke: kawu ɗan'uwan uwa, baffa ɗan'uwan uba, gwaggo 'yar'uwar uba, ko da yake a birni yanzu duk dattijon da ya zo daga ƙauye kawu ne. Ɗan baffanka ba shi da wani suna na dabam, wanka ne ko ƙanenka. Wanda aka ware shi ne taubashi, inda ɗan namiji da ɗan mace suke wasa, su yi ta tsokanar juna, a watan cika-ciki kuma a bi bashin kuɗin shara. Irin wannan wasa ne tsakanin kaka da jika, tsohuwa na kiran jaririn angonta, tsoho na cewa jikanyar amaryarsa ce. Wanda Allah ya ja kwanansa ya ga tattaɓa-kunne.

Babbar zuriya kuma da "-awa" ake ɗaure ta. A Kano an yi Rumfawa da Kutumbawa kafin jihadi, sannan Sulluɓawa tun hawan Ibrahim Dabo a 1819. A Zazzau gidaje huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Da Sarki Shehu Idris na gidan Katsinawa ya rasu a 2020, bayan shekara 45 a kan gado, aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli, sarauta ta koma Mallawa bayan kusan shekara ɗari. A lokacin, matasan da ba su taɓa damuwa da salsala ba sun kwana suna lissafin wa ya haifi wa.

Talaka ba shi da marubucin tarihi, nasa lissafin a sana'a yake. Maƙeri, wanzami ko mahauci zai ce maka shi ɗan gado ne, wancan kuwa shigege, don ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Sunan iyali guda da ke bin zuriya kaf ba al'adarmu ba ce. Mutum kan ɗauki sunan ubansa, jikansa ya zo ya sake wani, wasu kuma garinsu suka liƙa, kamar Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi ya sa takarda ba ta amsa tambayar masu neman aure. Sai an tashi mutum takanas ya je unguwar, ya sami tsohuwar da ta san kakar yaron tun tana amarya.