Kalmar "Enthusiasm": Yabo Ce Ko Zagi?

Wadda ke tsaye bakin murhu ta ɗan rage wuta, ta matso kusa da rediyo.

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da wasiƙa. Ta ce 'yarta ta kawo takardar sakamakon jarrabawa, malamar lissafi ta yi rubutu da Turanci a ƙasa. Ta miƙa wa yayan yarinyar ya karanta mata, ya ce ai cewa aka yi ƙanwarsa zumuɗi gare ta. Uwa ta yi faɗa, yarinya ta kwana tana kuka. Daga baya hankalinta bai kwanta ba, shi ne ta sa aka kwafo mana kalmar. Kalmar ita ce enthusiasm, ana furta ta kamar "intuziyazim".

To 'yar'uwa, ki kira 'yarki ki lallashe ta, domin yabonta aka yi. Abin da malamar ke nufi shi ne yarinyar tana da karsashi da shauƙin darasin, tana yin sa da son zuciyarta ba sai an tsaya a kanta ba. Amma kada ki ga laifin yayan sosai, don akwai zamanin da Turawan da kansu suka ɗauki kalmar a matsayin zagi.

Asalinta daga harshen Girkanci ne. Guntaye biyu aka haɗa: en, wato "a ciki", da theos, wato "abin bauta". Mutanen Girka na dā suna da gumaka da yawa, kuma sun yi imani cewa ɗayansu kan shiga jikin mutum ya yi magana da bakinsa. A garin Delfi akwai wata mata da ke zaune a ɗakin bautar gunkinsu Afolo, sarakuna da talakawa suna zuwa daga nesa don jin abin da zai fito daga bakinta idan abin ya hau ta. Wadda ta taɓa jin labarin hawan bori ta gane inda aka dosa. Masanin nan Aflatun, wanda ya rayu fiye da shekara 2,300 da suka wuce, har mawaƙa ya saka a ciki. A ganinsa ba da wayonsu suke tsara waƙa ba, wani abu ne ke kama su.

Kalmar ta shiga Turanci a farkon shekarun 1600, ta hanyar Latin da Faransanci. Ba a daɗe ba yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila a 1642, har aka fille kan sarkinsu Charles na ɗaya a 1649. A cikin wannan hargitsi ƙungiyoyin addini suka yi ta ɓullowa, wasu na iƙirarin ana yi musu wahayi kai tsaye. Da ƙura ta lafa, mutane suka tsorata da irin wannan zafin kai, sai kalmar ta koma sunan ruɗu da wuce gona da iri. Masani John Locke ya ware mata babi guda a bugun littafinsa na 1700 yana gargaɗi a kanta. A ƙamus ɗin da Samuel Johnson ya fitar a 1755, ma'anar farko da ya ba ta ita ce riya samun wahayi ba gaira ba dalili. Da ita aka riƙa yi wa John Wesley da mabiyansa na cocin Methodist gori.

Sannu a hankali zafin ya huce. Zuwa shekarun 1800 an bar zancen wahayi, abin da ya saura shi ne wutar da ke ci a zuciyar mai son abu.

Yanzu ga yadda za ki gane ta a takarda. Idan kin ga enthusiasm, sunan halin ne. Enthusiastic siffar mai halin ce. Enthusiast kuwa shi ne wanda ya ƙwallafa ransa a kan wani abu, kamar mai kiwon tantabaru da ba ya gajiya da zancensu. Kalmomi biyu ne za ki sa wa ido. In an rubuta lacks a gabanta, to yaro ba shi da karsashi, sai ki bincika ko yunwa ce, ko rashin barci, ko tsoron malami. In kuma an liƙa mata over a farko, nan ne aka zo ga zumuɗi da rawar kai.

Mu ma Hausa ta bambance su. Ɗoki na jiran abu ne, kamar na yara a jajibirin salla, da zarar abin ya zo ya wuce. Zumuɗi gaggawa ce marar lissafi. Karsashi da himma su ne ke zaunar da yarinya kan littafinta har ta gama, shi ya sa aka ce himma ba ta ga rago.

Don haka 'yan'uwa, duk rubutun da aka kawo muku daga makaranta, kafin ku yi faɗa ku sa mutum biyu su karanta. Yarinyar da aka tsawata wa a kan abin yabo, gobe ba za ta ƙara ɗaga hannu a aji ba.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.