Firiwil ɗin keken lantarki: ƙaramin gyara da ke iya cinye injin baya

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, keken lantarki ya shiga lissafin masu neman sauƙin zirga-zirga. Sayen sa ba shi ne abin damuwa ba. Ranar da feda ta fara juyawa a banza, ko sarƙa ta riƙa tsallake haƙora, a nan ake gane cewa masu gyara ba su gama sanin wannan keke ba.

Laifin galibi na firiwil ne, wato tarin haƙoran da sarƙa ke hawa a ƙafar baya. A keken gargajiya, sauya shi aikin minti kaɗan ne. A keken da injinsa ke cikin cibiyar ƙafar baya kuwa, firiwil ɗin a jikin murfin injin ake ɗaure shi, murfin kuma na alminiyom ne, ƙarfe mai laushi. Tsohuwar dabarar guduma da kurfi, wadda ta ciyar da masu gyaran keke shekara da shekaru, a nan ɓarna take yi. Duka ɗaya da ya kauce na iya tsaga murfin ko ya cinye tiredinsa, sai a tashi daga neman firiwil a koma neman inji.

Sai kuma sandar da ƙafar ke juyawa a kanta. Kaurinta kan kai milimita 12 ko 14, alhali ta keken gargajiya ba ta wuce 10, don haka makwancin firiwil da aka saba da shi, mai tsaga 12, sau da yawa ba ya shiga. Dole a nemi mai faɗin rami. Ta cikin wannan sanda ce wayar injin ke fitowa, ɗauke da manyan wayoyi uku na wuta da siraran na'urar da ke gaya wa injin inda yake a juyinsa. Idan wayar ta fito ta ɓangaren sarƙa, sai kanta ya ratsa noti da makwancin kafin a fara aiki. Mai gaggawa kan yanke ta da niyyar haɗawa daga baya, kuma irin wannan haɗi ne ruwan damina ke fara samu.

Tsarin aikin ba shi da tsawo: a cire batir, a raba wayar a mahaɗarta, a lura da jerin wasoshi, musamman mai harshen da ke hana sandar juyawa cikin firam. Ana kwancewa ta hagu, kuma zai yi gardama, domin kowane taka feda ƙara ɗaure shi yake yi. Sabon kuwa da hannu ake fara murza shi bayan an shafa giris. In ya cije tun a zagayen farko, ya hau a karkace ne, a dawo da shi.

Wanda ya ɗora tsohuwar sarƙa da ta miƙe a kan sababbin haƙora, tsallen da ya kawo shi wurin gyara zai raka shi gida.