Kula da Babbar Kwamfutar Ofis

Ana sanar da Hakimai da Malamai cewa babbar kwamfuta, watau saba, mai riƙe da takardun ofis, tana bukatar mai kula kullum. Abu huɗu zai riƙa dubawa: ƙwaƙwalwar inji, ma'ajin aiki, faifai da hanyar sadarwa.

A tsarin Linux, umarnin top yakan nuna nauyin aiki na minti 1, 5 da 15. In lambar ta daɗe bisa yawan ƙwaƙwalen injin, to ayyuka na jiran juna ke nan. In kuwa ma'aji ya cika, inji yakan koma aron faifai, sai aiki ya yi nawa.

Domin haka kada a kashe kuɗin Baitulmali wajen sayen sabuwa sai an auna. A gyara abu ɗaya, a rubuta cikin littafi, sa'an nan a sake aunawa.