Girka Windows ba tare da mai tsaro ba: a ina ake rubuta saitin rajista?

Tun ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Lamarin ya shafi duk inda ake aiki da tsofaffin kwamfutoci a ƙasar Arewa, kama daga lakwal da ma'aikatun magadan gari har zuwa shagunan buga takardu na Dogon Dutsi da Tibiri. Aikin sake girka Windows ya rataya a wuyan masu gyara.

Girkawa da hannu tana cin lokaci, domin kwamfuta tana tsayawa tana tambaya: wane harshe, wane tsarin madannai, wane suna. Idan kwamfutoci goma ne, sai a amsa sau goma, kuma da wuya su fito iri ɗaya. Mai gyaran da ya taso daga Dogon Dutsi zuwa Lugu, garin Sarauniya da ke cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kasari, in ya manta saiti guda, sai ya sake biyan kuɗin mai ya koma.

Takardar amsoshi

Maganin wannan shi ne wani ƙaramin fayil mai suna autounattend.xml, da ake ajiyewa a bakin kile USB ɗin da ke ɗauke da Windows, ba cikin wata jaka ba. Windows da kanta take neman sa, ta karanta amsoshin, ta ci gaba ba tare da ta jira kowa ba. Tun daga Windows Vista ake amfani da wannan tsari. A ciki ake zaɓar madannai na AZERTY da aka saba da su a ofisoshin Nijar, da agogon ƙasar wanda ke gaban GMT da awa ɗaya. Ana iya ƙara madannan Hausa don samun ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Sai dai ba kowane saiti ne yake da gurbinsa a fayil ɗin ba. Sauran sai an rubuta su cikin rajista.

Mene ne rajista?

Rajista kundi ne da Windows ke adana saitinta a ciki, ya kuma fara bayyana a Windows 3.1 a shekarar 1992. Sassa biyu ne suka fi shafar mai gyara. HKEY_LOCAL_MACHINE ya ƙunshi dokokin da suka hau kan kwamfutar baki ɗaya, kamar dokar gari. HKEY_CURRENT_USER kuwa na wanda ke zaune gaban kwamfutar ne a lokacin, kamar dokar gida: kowane mai amfani da tasa.

Ana rubutu cikin rajista da umarnin reg add, ko a shigo da fayil mai ɗauke da saituna da reg import. Abin lura shi ne lokacin da za a ba da umarnin. Girkawar Windows tana da matakai bakwai, amma uku ne aka fi aiki da su: windowsPE, kafin a kwafe Windows kan faifai, specialize, bayan kwamfuta ta tashi karon farko, kafin a buɗe wa kowa asusu, sai oobeSystem, lokacin da ake ƙirƙirar asusun mai amfani.

Inda ake yawan tuntuɓe

Saitin da ya shafi kwamfuta duka, wurinsa specialize. Nan ba matsala. Amma idan aka rubuta saitin mai amfani a wannan mataki, umarnin zai wuce lafiya lau, saitin kuma ba zai bayyana ba. Dalili shi ne a lokacin babu wani mutum da ya shiga. Asusun Windows kanta ne ke aiki, shi ne kuma ya karɓi saitin. Idan kuma aka jinkirta shi zuwa shigar farko, mutum na farko kaɗai zai samu. A lakwal, ke nan darakta ya samu, malamai da ɗalibai su tashi a tutar babu.

Hanyar da ta dace ita ce a gyara samfurin da Windows ke kwafa wa kowane sabon asusu, wato fayil ɗin NTUSER.DAT da ke cikin jakar Default. Ana buɗe shi da reg load, a rubuta saitin, sannan a rufe da reg unload. Duk asusun da aka buɗe daga baya zai gaji saitin.

Tsofaffin kwamfutoci da Windows 11

Windows 11, da ta fito a watan Oktoban 2021, tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki giga 4 da faifai mai giga 64. Kwamfutoci ƴan hannu da dama ba su cika sharuɗɗan ba. Wasu masu gyara suna tsallake binciken ta hanyar rubuta BypassTPMCheck da ire-irensa ƙarƙashin LabConfig a matakin windowsPE. Microsoft ya yi gargaɗin cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun gyare-gyaren tsaro. Don haka ya wajaba mai gyara ya shaida wa mai kaya gaskiya, musamman in za a ajiye takardun haihuwa ko bayanan marasa lafiya a ciki.

Hattara

Fayil ɗin amsoshi ba ya tambaya. In an ba shi umarnin goge faifai, zai goge na duk kwamfutar da aka tayar da kile ɗin, har da takardun shekaru. Kalmar sirrin da aka rubuta a cikinsa ma ba a ɓoye take da kyau ba. Wanda ya tsinci kile ɗin yana iya gano ta. Kuskure guda kuma yana bin kwamfutoci goma a lokaci ɗaya.

Rigakafi ya fi magani. Kafin a kama hanyar ƙauye, a kwafe takardun mai kaya, a gwada fayil ɗin kan kwamfuta guda, sannan a buɗe asusu na biyu a duba ko saitin ya bi shi. In ya bi shi, sauran kwamfutocin ma za su samu.