Ko Kun Sani?

A Yaƙin Duniya na Biyu, mayaƙan saman Kanada da ke sansanonin Yorkshire a Ingila sukan yi wa goshin jiragensu na Halifax da Lancaster zane: wani kyarkeci, wani budurwa, wani sunan barkwanci. Duk harin da jirgi ya je ya dawo, sai a ƙara masa hoton ɗan bam guda a gefe.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, aka shiga farfasa jiragen. Wani hafsa, Harold Lindsay, ya sa aka yanko wasu zanen kafin su salwanta. Yau suna gidan tarihin yaƙi na Ottawa. Abin tausayi, 'yan Kanada kusan 10,000 ne suka rasu a rundunar jiragen bama-bamai a yaƙin, akasarinsu samari.