Sa taya mai tauri: dabara ta fi ƙarfi

Ƴan uwa, keke abokin aiki ne a ƙasar Damagaram. Da shi ake kai kaya kasuwar Dole. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kiran ungozoma da dare. Amma hanyoyinmu cike suke da ƙaya. Kowane mai keke sai ya cire taya ya yi faci.

Cire taya ba wuya. Mayar da ita ne aiki. Wata taya sai ta shiga duka, saura ɗan taƙi ɗaya, ta ƙi. Mutum ya fusata, ya sa wuƙa ko sukuddireba. Ƙarfen ya tsinke tif, wato robar ciki mai riƙe iska. Ga asarar kuɗi, ga tafiya a ƙasa cikin rana.

Ku duba lamba tukuna

Kekunanmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai babban baƙin keke irin na Ingila, kamar Raleigh, da irinsa na Sin, kamar Phoenix. Da yawa ta hanyar Kano suke zuwa. Akwai kuma kekuna masu siririyar taya, masu awon Faransa. Duka biyu ana iya rubuta 28 a jikin tayarsu, amma girmansu ya bambanta.

Ku duba gefen tsohuwar taya. Za ku ga lamba biyu, kamar 40-635 ko 28-622. Ta farko kaurin taya ce. Ta biyu faɗin rim ce, wato zoben ƙarfen da taya ke hawa. Babban baƙin keke 635 ne. Mai awon Faransa 622 ne. Tsakaninsu milimita 13. Tayar 622 ba ta hawa rim na 635, ko ƙato goma suka taru. Ku rubuta lambar a takarda kafin ku je kasuwa. Ga amfanin karatu.

Me ya sa taya ke tauri?

A cikin bakin taya akwai waya ta ƙarfe. Wannan waya ba ta miƙewa, ita ce ke hana taya fita in an sa iska. Amma tsakiyar rim akwai kwari. In bakin taya ya faɗa cikin kwarin nan, sai ɗaya gefen ya samu sarari. Dabarar ke nan duka.

Yadda ake sawa

1. Ku shanya sabuwar taya a rana na ɗan lokaci. Roba mai ɗumi ta fi laushi.
2. Ku shafa cikin taya da yatsa a hankali, ku cire sauran ƙaya da yashi.
3. Ku duba ƙyallen da ke rufe kan wayoyin ƙafa. In ya yage, ku sake shi.
4. Ku sa baki ɗaya na taya a kan rim.
5. Ku hura wa tif iska kaɗan. Ku sa bawul a raminsa, ku tura tif ciki, kada ya naɗe.
6. Ku fara sa baki na biyu daga gefen da ke kallon bawul. Ku bi dama da hagu da hannu biyu. A wurin bawul za ku ƙare.
7. In ta yi tauri, ku saki iskar. Ku matse taya, ku tura bakinta cikin kwari, ku zagaya duka.
8. Ku shafa ruwan sabulu a wurin da ya rage, ku murza shi da tafin hannu.

Kada ku shafa man inji ko kananzir. Suna cin roba.

Kafin ku hau

Ku tura bawul ciki kaɗan, don tif ya fita daga ƙarƙashin bakin taya. Ku duba gefe biyu. In taya ta danne tif, zai fashe. Ku sa iska kaɗan, ku juya ƙafar, ku ga ko taya ta zauna daidai. Sa'an nan ku cika ta.

Wanda ya iya wannan, ko a dajin Tanut ƙaya ta soke shi, zai kai gida a kan kekensa. Ku gwada a ajinku da keke ɗaya. Ku karanta wa maƙwabtanku waɗanda ba su shiga karatu ba tukuna.