Ƙafar Keken da Za Ta Jure Titunan Bauchi

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da suka daɗe jingine a zaure suka sake fitowa kan titi a garin Bauchi. Ɗalibi mai zuwa jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yelwa, da mai ɗauko kayan miya daga kasuwar Muda Lawal, da ma'aikacin da albashinsa ya kasa ɗaukar kuɗin acaɓa kullum, duk sun koma feda. Sai dai mai sayen keke yakan duba fenti da sirdi da yawan giya, ya manta da ƙafa, alhali ita ce ke shan dukan rami da tsakuwa, ita ce kuma ke yawan kai shi wurin mai gyara.

Mutane da dama na zaton ƙarfin ƙafa yana cikin kaurin rim. Gaskiyar ita ce yana cikin wayoyin nan, wato sifok, da yadda aka ɗaure su. Kowane sifok a miƙe yake, yana jan rim zuwa tsakiya. Idan ƙafa ta juya, wanda ya zo ƙasa yakan ɗan saki saboda nauyi, ya sake ɗaurewa in ya wuce, haka sau dubbai a tafiya ɗaya daga Wunti zuwa Gwallameji. Wanda aka ɗaure da kyau ba ya jin wannan sosai. Wanda yake sako-sako kuwa lanƙwasuwa yake yi a wuyansa, daidai inda ya shiga hob, wato cibiyar ƙafar, har ƙarfen ya gaji ya karye. Da ɗaya ya karye, maƙwabtansa sun ɗauki aikinsa, sai ka ga bayan kwana kaɗan wani ya bi, rim ya soma gogar birki. Shi ya sa gwanin mai gyara yakan kaɗa wayoyin da yatsa kamar tsirkiyar gurmi: in na gefe ɗaya suna ba da amo iri ɗaya, ƙafar ta ɗauru daidai.

Yawan sifok ma ba ado ba ne. Tsofaffin kekunan Raleigh, ƙirar Nottingham ta Ingila, suna da 32 a gaba da 40 a baya, domin ƙafar baya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Yau galibin kekunan aiki 36 ne gaba da baya, kuma ya wadatar in an saƙa su kowanne na gicciye uku. Kekunan tsere na gwanjo masu sifok 20 ko 24 suna da kyau a ido, suna da sauƙin ɗauka, amma an ƙera su ne don mutum ɗaya a kan kwalta mai santsi. A ganina, wanda zai ɗora buhun masara ko jarkokin ruwa ko ɗan makaranta a kariya kada ya sauko ƙasa da 36 a baya, kuma in ya samu masu kaurin milimita 2.3 maimakon milimita 2 da aka saba, ya ƙara kuɗin. A samu waɗanda ba sa tsatsa, domin sifok mai tsatsa kansa yakan cije, ba ya juyuwa ranar da ake son miƙar da ƙafa.

Rim ɗin ƙarfe, irin na Phoenix ta ƙasar Sin da Hero ta Indiya, yana da juriya, in ya lotsa kuma ana iya bubbuga shi ya dawo. Aibinsa a damina yake fitowa: idan ruwan Agusta ya jiƙa shi, robar birki zamewa take yi, mai gangara ya matse hannu keke bai tsaya ba. Na alminiyam ya fi kama birki a jiƙe, kuma mai bango biyu ya fi mai bango ɗaya ƙarfi nesa. Amma yashi da ƙurar hunturu da ke maƙalewa a robar birki suna cinye gefensa a hankali. In za ka sayi na hannu, shafa gefen da yatsa. In ya yi kwari, ko ka ga tsaga a bakin ramukan sifok, bar shi komai arharsa.

Akwai wani ruɗani da ke cinye wa mutane kuɗi. Taya biyu ake kira 28, kuma ba sa shiga rim ɗin juna: ta keken gargajiya milimita 635 ce, ta kekunan Turai 622. Ta keken hawan dutse mai lamba 26 kuwa 559 ce. Lambar na rubuce a jikin taya, kamar 40-635. Kafin ka biya kuɗin keken gwanjo, tambayi masu sayar da kayan keke a Wunti ko suna da taya da tub na wannan lamba, kada ka sayi abin da sai an aika Kano kafin ya tashi.

Hob ba ya son komai sai giris da boris masu kyau. Riƙe ƙafar ka girgiza ta hagu da dama. In tana ƙwas-ƙwas, a ɗaure kon, wato ƙarfen da ke danne boris, tun bai ci raminsu ba. A buɗe hob ɗin a wanke bayan damina, domin ruwan kwata yana shiga.

Iska kuma ita ce kariyar rim mafi arha. Taya mai laushi in ta daki bakin rami, rim yakan matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, wani lokaci shi ma ya lotsa. Taya mai faɗi da isasshiyar iska ta fi dacewa da lungunan Jahun da hanyoyin bayan gari marasa kwalta.

Sabon keke yakan zo da ƙafar da inji ya ɗaura, ko wadda yaron shago ya haɗa cikin gaggawa. Kafin ka ɗora masa kaya, kai shi wurin wanda ya iya saƙa ƙafa ya daidaita sifok ɗaya bayan ɗaya, ka kuma mayar masa bayan mako biyu na hawa, domin a lokacin ne wayoyin suke zama, wasu su saki.